Tabon da Ke Marar Mubaraka

"Walle babu wadda za ta buɗe ni, Inna. Ko daga Makka anka ɗauko ungozomar."

Mubaraka ce ta faɗi haka tana durƙushe a ɗakin mahaifiyarta, hannu ɗaya dafe da mara, ɗaya riƙe da ƙafar gado. Idanunta sun yi jawur, amma ba ita ke kuka ba. Innar ce ke kukan.

"Ki rage murya don Allah, suna tsakar gida."

"Su ji. Ai don su ji nike hwaɗi."

Waɗanda ke tsakar gidan baƙi ne daga Kalgo, dangin Lukuman, saurayin da aka sa wa Mubaraka rana da shi. Lefe ya zo tuntuni, an kai ɗinki, 'yan mata sun fitar da anko. Lukuman manomin shinkafa ne, yana kuma sayar da injinan ban ruwa, kuma duk wanda ke zama bakin hanyar Kalgo zuwa Gwandu ya san ƙarar babur ɗinsa, saboda yawan sintirin da yake yi wurin Mubaraka.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa son auren ba, Goggo Huseina, ƙanwar mahaifinsa. A ganinta yarinyar da ta bar gaban iyayenta ta je birni karatu, ta dawo tana koyarwa a firamare tana ɗaga kai, ba matar ɗan yayanta ba ce. Ta yi ta nema wa maganar hujja ba ta samu ba. Da ta ga abin ya ƙi, sai ta sauya salo, ta aiko da mai gyaran jiki tun daga Kalgo, wai gudummawarta ce ga amarya. Har godiya Inna ta yi, baiwar Allah.

Ranar da mai gyaran jikin, Halima Sadiya, ta fara murza wa Mubaraka dilka, tana ta zuba surutu har ta iso mara. Nan bakinta ya mutu. Fatar wurin ta yi duhu, da zane-zane launin ƙasa masu kama da ragar kamun kifi. Ta kalla, ta sake kallo, ta ƙarasa aikinta a gurguje ta ce kanta ke ciwo.

Kafin ta sauka daga mota a Kalgo ta gama yanke hukunci. Ita dai a sana'arta, jikin mace ɗaya take ganin irin wannan tabo: wadda ta yi jego, ta sha wankan tafasasshen ruwa da ganye, ta kwanta a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Don haka amaryar Lukuman ta taɓa haihuwa. Ina ɗan? Wannan kuma sai a tambayi birnin da ta yi karatu.

Goggo Huseina ta karɓi labarin hannu bibbiyu.

Abin haushin, tabon na kwalba ne. Kwalbar lemo ce kawai da ruwan zafi.

Tun Mubaraka tana 'yan mata take fama da ciwon mara, amma nata ba irin na ƙawayenta ba ne. Su nasu yakan zo da jinin al'ada ya tafi da shi. Ita kuwa sai jini ya ɗauke, ta yi wanka ta koma salla, sannan ciwon zai ce bismilla. Ya murɗe ta, ya sauka cinya, ya zagaya baya, har takan yi salla a zaune. Abin da kawai ke ba ta sauƙi shi ne ta cika kwalba da ruwan zafi ta danna a mara. Da fari da tsumma take naɗe ta. Da ciwon ya ci gaba ta daina naɗewa, don zafin kwalbar ya fi mata daɗi a kan wancan. Shekara da shekaru tana haka, fata kuwa ba ta mantuwa.

Inna ta yi iya yinta. Jiƙe-jiƙe, kanwa, rubutu, hayaƙi, babu wanda Mubaraka ba ta sha ko ta shaƙa ba. Ƙarshen magana kullum ɗaya ce, a yi haƙuri, aure ne maganinsa.

Bayan an sa rana Mubaraka ta gaji da jiran maganin aure, ta ja Inna suka je wani asibiti a Birnin Kabi. Likitar mata ce suka samu, 'yar Zuru, sunanta Tabita. Ta saurare ta har ta gama, abin da ba a taɓa yi mata ba.

"Ciwon da ke zuwa bayan al'ada ta ɗauke ba abu ɗaya ke kawo shi ba," in ji likitar. "Wata lokacin fitar ƙwai ne, ya ɗan soke ta a gefe ɗaya ya wuce, wannan ba komai. Wata sanyin mara ne, ƙwayoyin cuta, magani ya kashe su. Wata ƙari ne a mahaifa, ko ƙullutu a ma'ajiyar ƙwai. Ban san naki ba sai na duba, kuma duk wanda ya gaya miki daga kallon fuska, ƙarya yake."

Aka yi gwaji, aka ɗauki hoton mara. Da suka koma, likitar ta ja kujera kusa da ita.

"Babu sanyi. Amma akwai ƙullutu a ma'ajiyar ƙwai ta hagu, kuma yanayinsa ya sa ina zargin wani abu. Kin san shimfiɗar cikin mahaifa, wadda ke zubowa duk wata? A jikin wasu matan irinta takan tsiro a waje, inda ba ta da hanyar fita. Ta kumbura, ta yi jini a ciki. Shi ya sa naki ba ya tafiya da tafiyar al'ada. Ana magani, wani lokaci har da aiki."

"Haihuwa fa, likita?" Inna ta tambaya.

"Da yawa suna haihuwa, Mama. Wasu sai an jima. Wasu kuma ba ta zuwa. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba."

A mota Inna ta damƙe hannun 'yarta. "Maganag ga ta mutu nan. Kada ki hwaɗa ma kowa, har shi Lukuman. In dangin miji sunka ji kalmar haihuwa, an gama."

Mubaraka ta yi biyayya, amma abin ya tsaya mata a rai. Duk ranar da Lukuman ya zo zance yana lissafa sunayen da zai sa wa 'ya'yansu, sai ta ji kamar ta saci wani abu a aljihunsa.

To yau ga Goggo Huseina a tsakar gidansu, da mata biyu, da Halima Sadiya, da wata tsohuwar ungozoma da aka ɗauko daga Wurogauri. Ta kuma iya zaɓen rana, don Malam Sambo, mahaifin Mubaraka, ya tafi cin kasuwar Jega. Sharaɗinta gajere ne. Ungozoma ta shiga ɗaki da yarinya ta duba ta. In budurwa ce, biki na nan. In an ƙi, a fito da akwatuna.

"Ɗiyata, dube ni," Inna ta ce, tana share hawaye da bakin zane. "Ni na san ki. Ke ma kin san kanki. Mi za ki ji ma tsoro? Ki rumtse ido tsohuwa ta duba, ta hita ta ba su kunya. Bakinsu ya mutu, a yi biki, wancan zancen na asibiti kau babu mai jin shi. Allah na ya kawo muna mahita."

"Mahita? In kwanta wata ta buɗe ni awa akuyar da za a saya, shi na mahita?"

"Ana yi, ba kanki farau ba."

"To kaina za a ƙare. Inna, in na yarda yau, har in mutu sunana wadda anka duba. Ɗiyan da nike roƙon Allah ya ba ni, da shi za a zage su."

Inna ta rushe da kuka. "To ki kashe auren, ki huta! Dama ga Umar Faruk na Malisa, ɗan yayana, zancen ya kai mishi, ya aiko tun jiya. Yac ce ko mi anka ce kin yi, shi ya ji ya gani, zai rufa maki asiri."

Mubaraka ta yi wata dariya marar daɗi.

"Ya ji ya gani mi? Wato shi ma ya yarda na yi ke nan. A gaya mishi ya riƙe rufin asirinshi, ba ni da abin rufewa."

Wayarta ta yi ƙara. Tun kafin ta duba ta san ko waye, don ta ji tsayuwar babur.

"Ina zaure," in ji Lukuman.

Ta miƙe da ƙyar, ciwon na cin ta, ta zura hijabi. Ta ratsa tsakar gida a gaban baƙin, ta gaishe su gaisuwar da ba za a ce ba ta yi ba, ta wuce. Goggo Huseina ta bi bayanta da kallo tana taɓe baki.

Lukuman na tsaye a zaure, ƙafafunsa duk laka. Daga fadama ya taho ko gida bai biya ba.

"Yanzu nike jin sun taho. Mubaraka, na rantse da Allah ban yarda da maganag ga ba. Ko a mafarki."

"Na gode, Yaya Lukuman."

"Amma..."

Ta ɗago ta dube shi. Ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur.

"Kin san Goggo. Baba ba ya tsallake maganarta. Nac ce ko za ki daure, don ni, a yi abin ga a wuce wurin. Ni na san abin da za a gani."

"In ka sani, mi za a duba?"

"Don su, ba don ni ba."

"Su zan aura?"

"Haba Mubaraka."

"Ba haba ba. Ka taho tun daga Kalgo da laka ga ƙafa don ka roƙe ni in tuɓe ma tsohuwar da ban sani ba. In wannan shi na yardarka, ina ga ranar da ba ka yarda ba?"

Hawayen da ta hana zuba a gaban Inna suka ɓalle mata. Ba ta share ba, ta bar su suna zuba tana kallonsa.

"Ina son ka, kai ma ka sani. Ina son ka har ina jin haushin kaina. Don son nan na yi maka laihi guda, na ɓoye maka wata magana, kuma ba wadda Goggo ke nema ba ta. Kai ya kamata ka fara ji kai kaɗai. Amma ba ni iya hwaɗinta sau biyu. Tsaya nan bakin ƙofa ka saurara."

"Wace magana? Mubaraka, tsaya!"

Ta riga ta shige.

A tsakar gida Goggo Huseina ta gyara zama a kan tabarma. "To, amarya ta gama shawara? Rana na yi, ga hanya gabanmu."

"Na gama, Goggo."

Inna ta fito da gudu ta kama hijabinta. "Mubaraka, don darajar iyaye..."

"Ki gafarce ni, Inna. Ɓoyon ya ishe ni."

Ta juya ga baƙin, ta ɗaga murya yadda na zaure zai ji.

"Tabon da Halima Sadiya tag gani yana nan, ban ce babu ba. Kwalbar ruwan zafi ta yi shi. Ina da ciwon mara da ke kama ni bayan al'ada ta ɗauke, yanzu haka da nike tsaye gabanku shina cina. Na tahi asibiti. Likita tac ce akwai ƙullutu ga ma'ajiyar ƙwaina, kuma tana zargin shimfiɗar mahaifa ta tsiro inda ba wurinta ba. Za a yi mani magani, wataƙila har aiki. Tac ce ina iya haihuwa, ina iya jimawa, tana kuma iya ƙin zuwa sam. Wagga ita ta gaskiyata. Ban taɓa sanin namiji ba, Allah na shaidata, kuma shi kaɗai ya isa. Babu mai shiga ɗaki da ni."

Halima Sadiya ta shiga gyaran ɗankwalin da babu abin da ya same shi. Inna ta sulale ta zauna a bakin rijiya ta rufe fuska.

Goggo Huseina ta daɗe tana kallon Mubaraka. Wani zai zaci kunya ce ta kama ta. Ina! Lissafi take.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Mu da munka zo biɗar ƙaramar magana, sai ga babba." Ta juya ga matan da ke gefenta. "Ai da ma shegen ta haifa, da mun san tana haihuwa."

"Hajiya!" Inna ta miƙe tsaye. "Cikin gidana?"

"Cikin gidanki, kuma kin sani kin ɓoye. Ɗan yayana ba shi auren asibiti. Ku tashi ku hiddo akwatunanmu."

Matan biyu suka shiga ɗaki suka fara jawo kaya. Mubaraka ta matsa gefe ta ba su hanya. Mararta kamar ana yanka ta, amma ta rantse a ranta ba za ta durƙusa a gabansu ba. Zaure kawai take saurare, kuma babu motsi. Ta jira ta ji an tada babur. Ta gaya wa kanta in ta ji ƙarar ba za ta yi kuka ba, alhali ta san ƙarya take.

An fito da babban akwatin an dire shi a tsakar gida ke nan aka yi sallama.

Muryar namiji ce. Matan suka shiga jan mayafi. Lukuman, wanda bai taɓa wuce zauren gidan nan ba saboda kunyar surukai, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa ya shigo. Ya durƙusa ya gaida Inna, kansa a ƙasa. Sannan ya miƙe, ya nufi babban akwatin, ya zauna daram a kansa.

"Kai! Mi kake yi cikin mata?" in ji Goggo.

"Zama nike, Goggo. Wadda za ta ɗauki akwatin ga sai ta haɗa da ni."

"Ba ka ji abin da tac ce ba?"

"Na ji."

Da wata yarinyar ce, da nan ta narke. Mubaraka kuwa ta tako har gabansa, ido jawur.

"Tashi daga kan akwati, Yaya Lukuman, ba shi za ka aura ba. Ba ni son tausai, wanda Umar Faruk ya aiko da shi ma na mayar. Ka ji da kyau? Nac ce tana iya ƙin zuwa. Sunayen nan da kake lissafa mani, kana iya tsufa ba ka kira ko ɗaya ba. Kada ka ce eh yau don mata na kallo, shekara ta zagayo ka riƙa kallona awa na cuce ka."

Ya duƙar da kai. Ganin haka Goggo ta fara murmushi. Da ya ɗago, idanunsa sun cika da ruwa.

"Ina son ɗiya, Mubaraka. Ba ni yi maki ƙarya, maganag ga ta buge ni, har yanzu ƙirjina bai dawo daidai ba. Kuma na ji zafin ɓoyon da kinka yi mani. Amma can zaure na auna gidana da yara babu ke, na auna shi da ke babu yara. Na farkon na kasa tsayawa cikinshi." Ya goge fuska da hannun riga. "Abin da na roƙe ki ɗazu kuma, ki yafe mani. Ban kyauta ba. Yaushe za ki koma wurin likitar?"

"Bayan biki anka ce. In akwai bikin."

"Ni za ni kai ki."

"Layin mata na. Maza ba su zama wurin."

"Sai su fara gani."

Goggo Huseina ta miƙe tana kakkaɓe zane. Ta zaro waya daga jaka ta koma gefe. Ba a jin duk abin da take faɗa, amma an ji "juya", an ji "sun shanye shi", an ji "yanzu-yanzu, Yaya". Ta kashe ta dawo ta tsaya, hannu a ƙugu.

"Ni ka raina. To ga wanda ya haife ka nan."

Wayar Lukuman ta ɗauki ƙara a aljihunsa.

Kowa a gidan ya san Lukuman bai taɓa yi wa mahaifinsa musu ba. Gonar da yake nomawa ta uban ce, shagon ma haka, har ɗakin da aka gyara wa amarya a cikin gidan uban yake. Ya ciro wayar. Ya dubi sunan, ya dubi Mubaraka. Ba ta roƙe shi ba, ko da ido. Ta tsaya kawai, hannu dafe da mara, tana jira.

Ya danna, ya buɗe muryar yadda kowa zai ji.

"Lukuman!" Muryar dattijon ta cika tsakar gidan. "Kana ina?"

Lukuman ya sauko daga kan akwatin ya durƙusa a ƙasa, kamar uban na tsaye a gabansa.

"Allah shi ba ka haƙuri, Baba," ya ce. "Ina Gwandu, gidan surukaina."